Madubi Mai Kusurwa Takwas

Idan rana ta karkata, haske yakan shigo shagon abokina ta wata huda a rufin kwano, ya tsaya cikin ƙurar katako kamar sanda. A nan nake ganinsa har yanzu idan na lumshe ido, fensir a bayan kunne, gira ta yi fari da garin katako, yana murmushi ga abin da babu wanda ke gani sai shi.

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Ni mai yankan gilashi ne, shi kafinta, kuma firam yake yi: na hoto, na madubi, na takardar gama makaranta. Shi ya haɗa katako, ni in saka gilashi. Kowa a layinmu Saura-Kaɗan yake ce masa, don ko gaishe shi ka yi ka ce ya aiki, amsar ke nan. Har matarsa, idan ta leƙo da kwanon abinci, sai ta ce, "Ina Saura-Kaɗan ɗin naku?"

Yana da injin zarto mai tebur, tsoho, wanda ya saya a hannun wani. A kan teburin akwai dogon kwarmi, a cikinsa wani ƙarfe yake tafiya wanda ke riƙe katako a karkace ya kai shi bakin zarto. Geji suke ce masa. Shi ke yanke hukunci ko kusurwar firam za ta haɗe ko za ta buɗe baki. Na abokina kuwa girgiɗi yake yi a cikin kwarmin kamar haƙorin tsohuwa. Ya naɗa masa takarda, ya liƙa masa leda, ya ɗan bubbuga shi da guduma, duk a banza. Kusurwa uku su haɗe, ta huɗu ta bar 'yar ƙofa. Sai ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe, ya goge, ya shafa fenti. Masu hoto ba su taɓa lura ba.

Ni na lura, don gilashi ba ya ƙarya. Firam ɗinsa kullum yana ɗan jirkicewa gefe guda, don haka kullum sai na shafce ɗan siriri daga gefe ɗaya na gilashin kafin ya zauna. Ban taɓa faɗa masa ba. Yakan ɗaga firam ɗin ya ce, "Mutumina, gilashinka da katakona kamar ciki ɗaya suka fito." Ni kuma in ce, "Zama tare ne."

Abin da ke cin ransa shi ne madubin matarsa. Tun yana saurayi ya je gyaran ƙofa a wani babban gida, ya ga madubi mai kusurwa takwas a bango, haske na zuba a cikinsa kamar ruwa a rijiya. Makon aurensu ya yi mata alkawarin irinsa. Yara suka zo, suka girma, suka watse, ita tana nan tana ɗaura kallabi a gaban wani guntun madubi da na ba ta, jingine a kan taga. Ba rashin gwadawa ba ne. A bangon shagonsa akwai ƙusa da ya rataye waɗanda suka ƙi, kamar awarwaron da ba a rufe ba. Yakan ce, "A kusurwa huɗu kuskure yana da kunya. A takwas kuwa, abin da bai kai silin gashi ba sai ya zagayo ya zama ƙofar da akuya za ta shige." Kuma ya rantse madubinta ba zai ga garin katako da gam ba.

Maganin abin shi ne sabon geji, kuma ya sani. Ya fere wani ɗan katako mai ƙarfi daidai faɗin kwarmin injinsa, yana yawo da shi a aljihu har ya yi sheƙi. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya ce in raka shi shagon kayan aiki a ƙarshen titi. Mai shagon na hango mu sai ya fara.

"Ga mai zawarcin ƙarfe nan ya iso. Yau da magana ka zo, ko dai gaisuwa ce irin ta kullum?"

"Mai neman aure ba ya gaggawa."

"Ai kai naka neman, sai amaryar ta yi jika."

Sai ya zaro ɗan katakonsa ya jera da kowane geji, ya shafa da babban yatsa, ya ɗaga, ya ajiye. Wannan ya yi siriri, wancan hannunsa roba ne, na can ya cika ƙyalƙyali. Ina tsammani zaɓen ya fi masa sayen daɗi. Muddin bai saya ba, madubin na nan cikakke a cikin kansa, babu kusurwar da ta buɗe. A hanyar komawa yakan ba ni labarinsa kamar wanda ya riga ya rataye shi: yadda rana za ta faɗo a kai da safe, ta yi tsalle zuwa silin, matarsa ta tsaya a gaba ta rasa abin cewa. "Ka san ba ta taɓa rasa abin cewa ba," in ji shi. "Ina so in gani sau ɗaya kafin in mutu."

Ranar da ya saya, ban san ita ce ranar ba. Mai shagon ya fito da guda uku sababbi. Na farko mai batir ne, lamba tana haske a jikinsa. Na biyu an zana masa layuka ƙanana kamar gashin ido. Abokina ya kai kowanne kusa da fuska, ya karkata kai, ya mayar. "Waɗannan na masu ido ne," ya ce a hankali. Na uku baƙi ne mai nauyi, ba shi da kyan gani, gefensa duk haƙora, da ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakaninsu. Ya rufe ido ya juya shi. Ƙas. Ya sake juyawa. Ƙas. Ya bi haƙoran da farce yana motsa leɓe. Ya lalubo wasu ƙananan kusoshi a jikin sandar gejin, mai shagon ya ce da su ake matse ta har ta cika kwarmi ba girgiɗi. Ya kama hannun gejin, ƙaton hannu ne mai nisa da inda zarto zai bi.

"Wannan yana magana," ya ce. "Naɗe min shi."

Mai shagon ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

A waje ya tsaya, ya riƙe min hannun riga. "Lambobi sun gudu, mutumina. Ciwon sugan nan ya fara da idona. Fuskarka ma kamar ta bayan labule nake ganinta. Kada ka faɗa mata tukuna."

Na ce, "Ka bar injin nan, don Allah. Zarto ba ya tambaya."

"Saura kaɗan," ya ce.

Haka muka yi aikin, ni ne ido, shi ne hannu. Na rufe shagona da rana tsaka na tsaya a gefensa. Ya matse kusoshin har gejin ya rinƙa tafiya a kwarmi shiru kamar kwalekwale. Ya ƙirga haƙora da yatsa ya saki harshen a inda yake so. Ni nake ɗora katako a kan alama in ce masa tura, shi ya tura, idonsa a lumshe, yana sauraron kukan zarto. Sandar hasken nan ta sauko ta tsaya a kafaɗarsa, ƙura na yawo a ciki a hankali, har na ji kamar ba a shago muke ba, kamar a ƙarƙashin ruwa. Da ya gama ya shafa gam, ya jera guda takwas ɗin, ya zagaye su da robar tayar keke ya ɗaure tamau.

Bai kwance robar ba. Kafin gam ya gama kamawa jikinsa ya rikice, aka kai shi asibiti. Na je duba shi, matarsa na zaune a bakin gado tana yi masa fifita da kwali. Ya ce ta ɗebo masa ruwa, da ta fita ya jawo ni.

"Idan za ka yanka madubin, kada ka yi min ragin nan naka."

Na ɗago na dube shi.

"Kana tsammani ban sani ba? Ina jin ƙarar ƙarin yankan ta bango. Wannan karon yanka shi yadda yake. In ya ƙi, ya ƙi."

Ya rasu da hantsi, ranar da aka ce za a sallame shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na daɗe ban iya duban ƙofar shagonsa ba. Sai wata rana matarsa ta zo da makulli, ta ajiye a kan teburina. "Ya ce akwai kayana a wajenku. Ban san ko zolayar da ya saba ba ce."

Na buɗe shagonsa, na kwance robar, na kawo firam ɗin shagona. Na auna, na shimfiɗa madubi, na ja layi. Hankalina yana can wajensa, ina jin kamar zai buga bango ya ce in zo in ga wani abu. Da na saka madubin sai ya yi ƙwas-ƙwas a ciki, ga siririn haske yana leƙowa ta gefe ɗaya. Na ce shi ke nan, wannan ma ya ƙi, me zan ce mata? Na ciro madubin na juya shi zuwa gefe na gaba. Hasken ya biyo shi. Na sake juyawa, ya sake biyowa. Na zagaya da shi duka takwas, ko'ina ya zauna iri ɗaya, ko'ina ɓarakar tana bin madubin. Ashe hannuna ne ya yi ragin da ya saba, ni ban ma sani ba. Firam ɗin ba shi da laifi. Na bi kusurwoyin da farce ɗaya bayan ɗaya, farcen bai sami wurin shiga ba.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi. Sannan na ɗauko sabon madubi, na riƙe hannuna da kyau, na yanka shi yadda yake. Ya zauna ba ƙara.

Da safe na kai mata. Ta nuna min bango mai kallon taga, na buga ƙusa na rataye. Rana ta faɗo a kai, ta yi tsalle zuwa silin. Ta tsaya a gaba, ta kai hannu za ta gyara kallabi, hannun ya tsaya a hanya. Na jira ta ce wani abu, ko tsiya ce. Ta shafa kusurwa ɗaya da yatsa, ta wuce ta gaba, ta wuce ta gaba. Na ɗauki gudumata na fita a hankali, na ja mata ƙofa.