Ƙafa ba takalmi a ƙofar tiyata

An shiga da matata tiyata a nan Garoua, na kasa zama. Ina ta kai-komo, sai Goggo, ƙanwar babana, ta faɗo mini a rai.

Zamanin Shugaba Ahidjo ne, ranar da rediyo ke karanto sunayen waɗanda suka ci jarrabawa. Ina jiran in ji sunana, ita tana daɓen ɗaki.

Ta ce, "Cire takalmin, taka nan. Me ka ji?"

"Sanyi, Goggo."

"To tsaya a kai. Ko ka ci ko ka faɗi, ƙasa za ta riƙe ka."

Na faɗi a shekarar. Ƙasa ta riƙe ni kuwa.

Yanzu na cire takalmi, ƙafata na kan siminti, ƙofa ba ta buɗe ba tukuna. Ku da me kuke tsayar da zuciya a irin wannan jira?