Ranar da Mai Jita Ya Yi Mana Kiɗan Gayya a Gafasa

Shekarun baya, da nisa kuwa, tun zamanin kaset da rikoda mai cin batir shida, na dawo gida Gafasa a tsakiyar damina, 'yan watanni bayan rasuwar mahaifina. Na daɗe a waje ina aikin tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa. Na zauna a Sudan, na zauna a Kamaru, daga ƙarshe aka kai ni Faransa. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ga ɗan Barbarcin da na tsinta a bakin kakata. Duk wannan ban manta ko ɗaya ba. Abin da na manta shi ne yadda ake gayyatar mutum a garinmu.

A cikin kayan da na zo da su akwai rikoda da wani kaset da nake ji da shi. Na wani makaɗin jita ne da wani abokin aikina ya ja ni kallonsa a wani fili a bakin teku. Irin kiɗan nan ne da suke haɗa jaz da kayan lantarki masu ƙarfi, babu waƙa a ciki, jitar ce take magana. Kafin nan na ji masu kiɗan tsirkiya iri-iri. Na Sudan suna sa ka tuna gida ko kana gida. Masu jitar Kwango da muke ji a Kamaru kuwa, ƙugunka ne yake amsa musu ba da izininka ba. Amma wannan mutumin dabam ne. Siriri ne, a tsaye ƙyam kamar an hana shi motsi, ba rawa, ba murmushi, yatsunsa kawai ke gudu. Sai ka ji sautin ya miƙe kamar goge, sannan ya zubo da sauri kamar ana zazzage gero a tabarma, kuma kowace ƙwaya kana jin ta ita kaɗai. Na ji kaset ɗin nan ya fi sau ɗari, ina kuma ganin babu wanda ya fahimce shi kamata.

Da na iso na tarar ciyawa ta ci ƙarfin gonar geron da mahaifina ya bar wa mahaifiyata. An yi shuka a kan lokaci, amma zaman makoki da rashin namiji a gida sun sa noma ya wuce ta. Geron ya yi ɗorawa-ɗorawa, ciyawa ta kusa kamo shi a tsawo. Daga gonar nan take cin tuwon shekara, kuma ita ce daminarta ta farko ba shi. Sai aka ce a yi gayya. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, shi ya zaga ya tara majiya ƙarfi kusan ashirin. Sun ce za su ba mu safiya ɗaya zuwa azahar, don washegari kasuwar Ajingi ce, daga nan kuma kowa gonarsa za ta riƙe shi.

Gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da gangar noma. Mai gangar garinmu dattijo ne, abokin mahaifina tun suna samari, shi yake yi masa kiɗa duk shekara, har mahaifin nawa yana da taken kansa a gangarsa. Mahaifiyata ta ce, “Ka je wajen Baban naka da ƙafarka. Ga goro nan na jiƙa, ka tsuguna ka gaishe shi, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka.”

Na ce to. Amma rannan ina ta karɓar baƙi masu yi mini barka da zuwa, sai na yi abin da na saba a ofis. Na yagi takarda na rubuta cewa ana buƙatar halartarsa da ƙarfe bakwai daidai, na sa hannu har da ɗan jan layi a ƙasa, na miƙa wa taubashina. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, “Kai, Bature, wannan ai ta yi kyau. Bari in kai masa yanzu-yanzu.” Da na san taubashi, da wannan saurin nasa ya isa ya farkar da ni. Daga baya na ji ashe a majalisa ya sami dattijon, ya tsaya a tsakiyar mutane ya karanta masa da ƙarfi, har da kwaikwayon muryata.

Da safe mutane suka hallara da fartanyoyinsu. Mata suka kawo kunu da fura suka ajiye a inuwa. Ƙarfe bakwai ta yi, takwas ta yi, ba mai ganga. Taubashina ya taɓa ni ya nuna mini can gefe. Gonar dattijon tana iyaka da tamu. Ga shi can a zaune a gindin tsamiya ya juya mana baya, wai yana gyaran ƙotar fartanya. Gangar kuwa tana rataye a reshe a saman kansa.

“Ya zo da ita fa,” in ji taubashina. “Sai dai ya ce shi ba ma'aikacin gwamna ba ne. Ka je, ko in rubuta masa amsa a madadinka?”

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, taku ɗari ne tsakaninmu. Amma mutum ashirin suna kallona, kuma duk sun san labarin takardar. Girman kai ya riƙe mini ƙafa. Na ce a fara haka nan.

Aka fara. Noma ba kiɗa kuwa aiki ne kawai. Kowa yana sara a nasa lokacin, wannan ya tsaya ya miƙe baya, wancan ya tafi shan kunu ya daɗe. Hantsi ya yi ba a ci ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Na hango mutum biyu sun saɓa fartanya sun zame ta bayan shinge. Mahaifiyata tana zaune wajen ƙoren fura, gonar kawai take kallo.

A nan dabara ta zo mini, irin dabarar mutumin da ya ga duniya. Na ruga gida na ɗauko rikoda, na ɗora ta a kan wani kututture, na sa kaset ɗin nan nawa, na ƙure murya. Na ce, “Jama'a, ga kiɗa! Wanda za ku ji yanzu, duk ƙasar Turawa babu kamarsa.”

Da farko abin ya yi kamar zai yi. Gangunan cikin kaset ɗin suka shigo da ƙarfi, mutane suka yi shewa, suka jeru a layi. Kiɗan noma ai tare yake tafiya da jiki: ka sara, ka ja, ka taka. Suka sara, suka ja, suka ɗaga ƙafa za su taka, sai kiɗan ya riga su komawa farko. Suka sake gwadawa, ya sake kufce musu. Layi ya karkace. Wani ya sare gero maimakon ciyawa. Wani ƙato ya ɗaga fartanya sama ya tsaya da ita yana jiran inda zai sauke, ya ce, “Malam, wannan mutumin gurgu ne? Ɗingishi yake yi!” Taubashina ya faɗi a kan kunyar gero yana dariya har da shure-shure. Ni kuwa gumi kawai nake yi, ina cewa, “Ku dai saurara, ku saurara da kyau.” Gaskiyar magana ni ma ban san abin da yake kayar da su ba. Duk jin da na yi masa a zaune na yi shi, ban taɓa gwada takawa a kansa ba.

Ban ga lokacin da dattijon ya taso ba. Sai ganinsa na yi a kan iyaka, ya karkata kai gefe guda, yana buga yatsu a cinyarsa. Ya matso har gaban rikodar ya tsuguna. Bai ko kalle ni ba. Can ya ce, “Mai da shi baya.”

Na mayar. Ya ƙara saurara, leɓensa yana motsi.

“Ba ɗingishi yake ba,” ya ce wa ƙaton nan. “Bakwai yake ƙirgawa. Ku kuna jiran na takwas, shi kuwa bai yi muku alkawarinsa ba. Kuma tun da ya fara bai kuskure ko sau ɗaya ba. Kai! Ji yadda yake tafiya can nesa, sannan ya dawo daidai bakin ƙofa.” Sai a sannan ya ɗago ya dube ni. “Kai ne mai ƙarfe bakwai daidai?”

Na cire hula, na tsuguna a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da farin wandona. Na ce, “Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini. Gonar abokinka ce.”

“Na san gonar wa ce. Na riga ka saninta.” Ya ƙara da cewa, “Ubanka shekara talatin yana zuwa ƙofar gidana da ƙafarsa, alhali ko bai zo ba zan je. Kai kuma ka aiko mini da sammaci.”

Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ya ce wa taubashina, “Kai kuma ɗan aike mai murya, je ka ɗauko mini gangata.”

Na kai hannu zan kashe rikoda, ya buge mini hannu. “Bar shi. Ina so in ga ko zan iya zama da shi.”

Ya rataya ganga, ya jira kiɗan ya zagayo, sannan ya shiga. Abin da ya yi ban taɓa jin irinsa ba a duk yawona. Bai bi mai jitar ba, bai kuma yi faɗa da shi ba. Ya ce wa manoma, “Ku bar shi ya zaga sau biyu. Bakwai da bakwai sha huɗu, kun ga ya zauna daidai. Ni za ku bi, shi ku bar mini shi.” Ya dinga sauke musu bugu mai nauyi a inda fartanya za ta sauka, jitar kuma tana shawagi a sama, tana barinsa tana komowa. Duk sanda suka haɗu a farkon zagaye sai dattijon ya yi wata 'yar ƙara ta jin daɗi. Layi ya miƙe. Fartanyoyi suka fara tashi tare suna sauka tare. Mutum biyun nan da suka zame suka jiyo ganga suka dawo, wai ruwa suka je sha.

Ba a jima ba batir ya fara sanyi, jitar ta koma kamar kukan saniya, aka yi ta dariya, na kashe. Dattijon bai tsaya ba. Ya juya kiɗan ya shiga taken mahaifina. Mahaifiyata ta sa gefen mayafi ta share ido, wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa. Ni ma na karɓi fartanya na shiga layi, ina nome kunya biyu hannuna ya yi bororo, taubashina yana bina a baya yana gyara abin da na ɓata yana sanar da jama'a. Ana kiran sallar azahar muka fita ƙarshen gona.

Muna zaune a inuwa ana shan fura, dattijon ya ɗauki kwalin da na mayar da kaset ɗin ciki yana juya hoton mutumin. Ya ce, “Wai shi wa yake yi wa wannan kiɗan? Sarkinsu ne, ko wani attajiri?”

Na ce, “Ba kowa, Baba.”

“Ba kowa kamar yaya? Taken wa ne?”

“Ba taken kowa ba ne. Shi dai ya ji shi a ransa ya kaɗa.”

Ya daɗe yana kallon hoton. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa ɗaga sandar kiɗa ba sai don ya kira sunan wani. Sannan ya ce a hankali, “Ashe ana yin haka.” Ya miƙo mini kwalin, sai kuma ya fasa, ya jefa shi a aljihu. “In ka sayo batir ka kawo mini akwatin naka. Akwai wani wuri a tsakiya da ya kufce mini.”

Geron nan ya yi, mahaifiyata ta ci tuwonta har wata daminar. Kaset kuwa bai dawo hannuna ba, kuma ban tambaya ba.

Kwanakin baya na ji labarin mai jitar ya rasu. Na ga masana suna ta rubutu a kan saurin yatsunsa da ɗimbin makaɗan da suka koya daga gare shi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni dai abin da na sani shi ne, na kalle shi da idona, na ji shi sau ɗari, na yi ta yabonsa da harsuna uku, amma ban san me yake yi ba sai da wani tsoho da bai taɓa wuce Kano ba ya tsuguna a gaban rikoda na minti biyu. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya bai ma san da ɗaya ba, amma sun yi aiki tare safiya guda, sun fitar da gonar wata gwauruwa daga ciyawa. Yanzu a waya nake jin kiɗansa. In ya tafi can nesa sai in kama kaina ina ƙirgawa a cinya, ina jiran in ga ko wannan karon zai ɓata hanya. Har yau bai ɓata ba.