Salula a Cikin Gwangwani

Kowace ranar kasuwar Matameye, Abdulra'uf mai cajin waya yakan hango tsohon nan tafe a hankali, dogo, mai farin gemu, rigarsa koɗaɗɗiya amma wankakkiya tas. Yana rungume da gwangwanin madara mai murfin ƙarfe. Yakan tsuguna ya ɓalle murfin da farce, ya fito da 'yar salula wadda lambobinta duk sun goge.

Yau dai Abdulra'uf ya kasa haƙuri. "Baba, me ya sa kuke rufe ta a gwangwani?"

"Ta mai ɗakina ce, Allah ya jiƙanta. Da hannu duk mai take danna ta, tana dariya. Masu sayen ƙuli-ƙulinta har yanzu suna kira, ni kuwa ba na iya amsawa. In na rufe ta cikin ƙarfe, rezo ba ya shiga, balle kira ya same ta."

"To ku kashe ta mana, Baba."

"In ta mutu, lambar sirri za ta nema. Marigayiyar kaɗai ta san ta."

Wataƙila muryarta ce a ciki, wataƙila hotunan jikoki. Abdulra'uf bai tambaya ba. Ya zare tasa wayar daga caji, ya jona ta tsohon.