Delmar Kuchera da Lakar Tasha ta Biyu

Ƙarfe biyar da rabi na safe, tun raɓa ba ta bar ganyen masara ba, za ka ji tarin wata tsohuwar a-kori-kura ta nufi bayan makarantar sakandaren Otter Bend. Delmar Kuchera ke nan. Shekara talatin da huɗu yana wannan sammako. Aikin da aka ɗauke shi a kai shara ce da gyaran famfo da kula da injin ɗumama azuzuwa in sanyi ya shigo. Filin besbol kuwa, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda a zaga tashoshi huɗu a guje, ba wanda ya ba shi. Ya ga ba shi da mai kula ne, ya ɗauka.

Ba ya taɓa komai sai ya zaga filin da ƙafa. A aljihunsa na baya akwai wani sukudireba mai jan mariƙi, wanda bai taɓa kwance ƙusa ko ɗaya ba. Ƙasa yake gwadawa da shi. In ya caka ya shiga rabi ya tsaya, ƙasa ta yi daidai. In ya ƙi shiga, sai a jawo tiyo. In kuwa ya nutse har mariƙi, to ranar ko shugaban makaranta ba ya taka wurin. Daga nan sai tudun da mai jifa ke tsayawa: ya cike ramukan da takalman yara suka haƙa jiya da yumɓu, ya daddaɓe, ya bi hanyar da ta haɗa tashoshin nan huɗu da manjagara, ya tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya cikin gwangwanin kofi, sannan ya ja farin layi. Kafin mu da muke tinƙaho da sammako mu buɗe shaguna, shi har ya wanke hannu.

Ni Lyle Brandvold nake, mai sayar da iri da taki a bakin titin jirgi, kuma ɗana Garrett yana cikin yaran da suka buga bana. Tunda Delmar zai ajiye aiki ƙarshen watan nan, yabon gwani ya zama dole. Zan faɗi abin da na gani, har da inda ni kaina ban fito da kyau ba.

Ku tambayi matarsa Arlene, za ta gaya muku. «Ciyawar gidanmu har gwiwa,» in ji ta, «ta makaranta kuwa kullum kamar yanzu ta fito daga wurin wanzami.» Ku tambayi iyayen da ba su iya saya wa ɗansu safar kama ƙwallo ba, yadda yaro zai buɗe akwatinsa ya tarar da wata tsohuwa an sake mata igiya, an shafa mata mai, ba suna ba takarda. Kowa ya san hannun wanda ya yi ɗinkin, amma in ka yi masa godiya sai ya ce bai san zancen ba, ya tambaye ka ko za a yi ruwa.

Mu dai a ƙwallo an daɗe ana cin ƙaniyarmu. Ƙananan garuruwan da ke kewaye da mu in sun ga sunanmu a jadawali har murna suke yi. Bana ma haka muka fara, aka lallasa mu wasa biyu a jere, muka ce to, an koma gidan jiya. Sai yaran nan suka juye mana kamar ba su ba. Wasa goma sha tara suka ci ba tsayawa. Tsofaffin da suka daina zuwa kallo tun zamanin da suke da gashi suka fara jawo kujerunsu.

Ka'ida ita ce, wasan da zai fitar da wanda zai je gasar jiha a filin wanda ya fi yawan nasara ake buga shi. Tun da aka kafa makarantar nan hakan bai taɓa faɗowa kanmu ba. Bana ya faɗo. 'Yan garin Linden Grove za su zo mana ranar Talata da ƙarfe shida na yamma. Kuma duk garin nan an san abin da wannan wasa yake a wurin Delmar, don ya taɓa faɗa a wurin shan kofi, shi da ba ya yawan magana: «Sau ɗaya dai nake so in ga irin wannan wasan a kan ƙasata, sai in rataye manjagara.» Gwiwoyinsa sun riga sun gaji, ya riga ya miƙa takardar ajiye aiki. In ba bana ba, babu kuma.

Sati guda ya yi yana shiri. Ya shafa wa allon maki fenti, ya aro bencina daga coci biyu, ya yanke ciyawa layi-layi har mutum ya ji kunyar takawa.

Ranar Talata da asuba hadari ya haɗo daga yamma. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai sha ɗaya. Tamfol ɗin da makaranta ke da shi tudun jifa kawai yake rufewa. Sauran fili ya zama fadama. Aka aiko mana cewa alƙalin wasa zai zo ƙarfe uku ya duba. In fili bai yi ba, za a kwashi wasan a kai Linden Grove, mil arba'in daga nan, inda ko ɗigo ba a yi ba.

Garin nan kaf ya fito. Masu baro, masu tsintsiya, masu soson katifa suna tsotse ruwa suna matsewa a bokiti. Aka kwashe duk yashin ba-hayar kyanwa, mai tsotse ruwa, da ke kantin garin aka zo da shi buhu-buhu. Delmar yana tsakiya, wando naɗe, yana nuna wa kowa inda zai sa hannu.

Wajen ƙarfe ɗaya Curtis Dolan, uban mai jifanmu, ya ja ni gefe. Ya ce da wannan tafiyar hawainiya ba za mu kai ba, mu yi irin ta da. Irin ta da kuwa kowa a nan ya san ta: a kwarara fetur a kan ƙasa, a ƙyasta ashana, wuta ta lashe ruwan. Muka je muka dawo da jarka huɗu, biyu a hannunsa, biyu a nawa.

«Delmar, matsa gefe,» in ji Curtis. «Minti goma wuta ta gama abin da kuka wuni kuna fama da shi.»

Delmar ya dubi jarkokin, ya dube shi. «Curtis, masara za ka gasa mana?»

«Bar wasa. Haka iyayenmu suka yi, ba wanda ya mutu.»

«Ina wurin ai, kai kana goye. Wuta sama take busarwa ta bar ƙasa ɗanye, kamar burodin da ya ƙone bai nuna ba. Ido ya ga fili, ƙafa ta tarar da kunu.»

«To sai mu zuba ido a kwashe mana wasa? Kai fa aka fi yi wa!»

Delmar ya jawo bokiti ya kife a daidai inda za mu fara zubawa, ya zauna a kai, ya buɗe butar kofinsa ya tsiyaya. Arlene ce ta ƙarasa mu. Ta taso daga rumfar da mata ke soya gugguru, hannu a ƙugu. «Lyle Brandvold, har da kai? Da furfurarka? Curtis dai mun san shi tun yana cinna wa kwandon shara wuta.» Mutane suka fashe da dariya. Na mayar da jarkokina mota ina gunaguni.

Allah ya taimaka rana ta buɗe, iska ta taso. Delmar ya sa aka yi ta farfasa saman ƙasa da manjagara ana juyawa. Kafin uku, kai ka rantse ba a yi ruwa ba. Alƙalin wasa ya iso, wani dogo mai baƙar hula, ya zaga, ya buga ƙafa nan da can, ya ce, «Ya yi. Za a buga.» Wurin ya kaure da ihu. Curtis ya rungume ni har ya kusa karya mini haƙarƙari.

Delmar kaɗai bai yi ihu ba. Yana tsaye, hannunsa a aljihun baya. Akwai wani wuri, taku uku kafin tasha ta biyu, inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashi tun ran gini. Alƙali bai taka wurin ba. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san da shi, kuma abin da kawai ake bukata daga gare shi ya yi shiru na minti biyu mutumin ya shiga mota. Ya dubi bencinan da ya aro, ya dubi allon da ya shafa wa fenti.

«Yallaɓai,» ya ce, «zo ka ga wani abu.»

Ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyin nan nasa, ya caka sukudireba. Ya nutse har mariƙi. Da ya zare, ruwa ya biyo ramin.

«Nan yara ke zubewa su zame da ƙafa don su riga ƙwallo isa tasha,» in ji shi. «Ƙusar takalmi za ta fasa ɓawon sama ta kafe a laka. Ƙafa ta tsaya, jiki ya wuce.»

«Ba ya gyaruwa kafin shida?»

«Ko kafin gobe da rana ban yi alkawari ba.»

Alƙalin ya cire hula ya sosa kai. «Baba, ka san abin da ka jawo?»

«Na fi ka sani.»

Aka kwashe wasan. Nan take surutu ya ɓarke. Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce wuri ɗaya tak, yaran ba makafi ba ne, sai su kauce. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na tsaya a gabansa na ce, «Delmar, wai kai namu ne ko nasu?»

Ya goge sukudirebansa a wando. «Lyle, wane yaro ne ya fi kowa zamewa a wurin nan?»

Garrett ne, kowa ya sani. Amma fushina bai sauka ba. Mata suka kwashe gugguru da burodi da nama suka loda a motoci, muka yi jerin gwano sai Linden Grove. Mota ta fi sittin, ba wanda ya ce wa Delmar zo ga wuri. Muka bar shi yana tattara buhunan banza. Arlene ce ta kawo shi daga baya, suka tsaya can bayan waya inda ba mai ganinsu.

An kai zagayen ƙarshe uku da uku. Garrett ya samu tasha ta ɗaya, ya faki idon mai jifansu, ya zura a guje, ya zube ya zame har tasha ta biyu, ƙura ta turnuƙe. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Kowa na tsalle, ni kuwa na zauna, don a lokacin ne na ga abin da tsohon nan ya gani tun ƙarfe uku. Bugu na gaba ya kawo Garrett tashar ƙarshe, muka samu maki. Huɗu da uku, Otter Bend ta tafi gasar jiha.

A can yaran suka ci wasan farko, suka ci na biyu, aka doke su a na ƙarshe da biyu da ɗaya. Ba wanda ya ji haushi. Muka ɗora su a kan motar kashe gobara muka zaga gari da su, aka yi jawabai, aka yabi koci, aka yabi iyaye, har da mai tuƙa bas. Sunan Delmar bai fito daga bakin kowa ba, don kunya ta hana mu.

Kwana uku bayan haka na yi sammako na same shi a fili. Ya haƙe wurin nan kusa da tasha ta biyu yana shimfiɗa tsakuwa da bututu, wai kada wanda zai gaje shi ya gaji matsalar. Na ba shi haƙuri, ina in-ina kamar ɗan firamare. Ya ce ya wuce. Na ce, «Amma abin bai yi maka ciwo ba?» Na zaci zai ce a'a, irin ta dattawa.

«Ya yi mini, Lyle,» in ji shi. «Har yanzu yana yi. Kuka na yi a mota tun daga nan har Linden Grove, tambayi Arlene.» Ya miƙo mini shebur. «Tunda ka zo, kama nan.»

Delmar, kai ne ka san ƙasar nan fiye da yadda muka san gonakinmu. Kai ne ka zauna a kan bokiti ka hana mu aikin da-na-sani, ba tare da ka zagi kowa ba. Kai ne aka miƙa wa abin da ka yi shekara talatin da huɗu kana jira, ba mai gani, ba mai tuhuma, ka mayar da hannunka saboda 'ya'yan mutanen da suka juya maka baya a ranar. Ni na fi kowa ɗaga murya, shi ya sa na ga ya dace in fi kowa ɗaga ta yau.

Ga sauranmu kuma, kowa akwai wurin da shi kaɗai ya san da laka a ƙarƙashi, a shagonsa ko a gonarsa ko a ofishinsa. In ranar ta zo, a tuna da tsohon nan a faɗa, ko da za a bar mutum shi kaɗai yana tattara buhu. Kuma ranar Asabar ƙarfe shida na safe za a ƙarasa rufe ramin nan, mai shebur ya zo da shebur, ya gaishe shi da bakinsa tun yana ji.

Allon da ka shafa wa fenti bai nuna makin wasan da ka jira ba, kuma ba zai nuna ba kana bakin aiki. Amma yara goma sha takwas suna yawo a garin nan da ƙafafunsu lafiya lau, ɗaya daga cikinsu nawa ne. Allah ya saka maka da alheri, Delmar, ya ba gwiwoyin nan hutu. Mun gode.