Alfarmar da Ban Roƙa Ba

A wani fili can bayan Tirwun na koya wa 'yata ta fari tuƙi. Ta samu aikin koyarwa nesa da gidanmu na Gwallameji, ta gaji da jiran keke, ga tsohuwar motata a ajiye tun da na yi ritaya. A fili kam gwana ce, tana yin baya tsakanin duwatsun da na jera ba ta taɓa ko ɗaya. Amma da mun hau kwalta, mai keke ya yanko gabanta, sai ta runtse ido tana salati, ƙafarta kuwa a kan totur. Ba sau ɗaya na gani ba. In na yi magana ta ce tsoron tsofaffi ne.

Sai na ji an sauya gwajin tuƙi. A zamaninmu ganguna ake jerawa, ka ratsa su, an gama. Yanzu kuwa mai gwaji zai shiga mota da kai cikin gari, ka zaga shataletale, ka kutsa cunkoson kasuwa, 'yan keke na matse ka hagu da dama. Na ji daɗi ƙwarai. Abin da ta ƙi ji daga bakina, titi zai gaya mata.

Mai gwajin aminina ne, tare muka tashi a unguwar Ɗan Iya, shi ya yanka ragon sunanta. Na taka har gidansa.

"Don Allah ka shiga da ita gari," na ce masa. "In ba ta iya ba ka kayar da ita. Ranta nake ji."

Ya dafa kafaɗata. "Haba, mutumina! Na gane. Bar min komai."

Ranar gwaji, kafin hantsi ta dawo tana murna. Na tambaye ta wace hanya suka bi.

"Ai ba mu fita ba, Baba. Baffa ya ce in zaga harabar ofis, ya tambayi lafiyar Mama, ya ce na ci."

Na kira shi a waya. Dariya yake yi.

"Kai ma dai! Na san kunyar 'yar fari ce ta hana ka roƙo, shi ya sa ka juya maganar. 'Yarka 'yata ce, in kayar da ita a ce me?"

Wallahi ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba. Na kai masa tsorona tsirara, ya maida shi alkunya don kada ya ɓata da kowa.

Da lasisi ya fito ta tsaya gabana, ta miƙo hannu. "Baba, hukuma ta ce na iya. Saura kai."

Hujjata ta ƙare, na ba ta makulli. Tun daga ranar, duk wayar da ta shigo kafin ta dawo gida, sai na yi salati nake ɗauka. Aminin nawa kuwa har yau jira yake in je in yi masa godiya.