Tankin feshin da ya cinye mini irin albasa

Ko da zan manta da komai a harkar noma, ba zan manta da shekarar da na rasa irin albasata a kan aikin da ban sa kowa ba. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina zaune a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, gonata kuwa tana fadamar Argungu. Akwai wani magidanci da yake yi mini feshi, kuma ni da bakina na tsara masa aikinsa: ya fesa inda na nuna, ya wanke tanki, ya mayar da shi ɗaki. Babu na huɗu.

Ruwa ya janye, muna share ƙasa don shinkafar rani, sai na tura shi da maganin ciyawa, irin mai ƙone duk wani ɗanyen ganye. Ya gama da wuri. A hanyarsa ta komawa wani dattijo ya tsayar da shi, ya ce ƙwari sun dami irin albasar da yake reno don dashe, ga magani ya saya amma ba shi da tanki. Mai feshin nan bai tambaye ni ba, bai kuma wanke tankin ba. Ya zuba maganin ƙwari a kan ragowar na ciyawa, ya bi fangali bayan fangali yana fesawa, ya karɓi ladansa. Ba a jima ba irin ya yi rawaya, ya kwanta, ya bushe.

Ban ji labari ba sai da sarkin noma ya aiko kirana. Na tarar da dattijon zaune a kan tabarma, ya damƙe busasshen iri a hannu. Mai feshin kuwa wai ya tafi ganin gida.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ban aike shi ba. Ban ma san wanga dattijo ba."

Sarkin noma ya ce, "Tankin wa na?"

"Nawa na."

"Maganin da ya ƙone irin fa?"

"Nawa na, amma ai gonata na ce..."

"To, yaron wa na?"

Kafin in ba da amsa dattijon ya ɗago kai. "Alhaji, wallahi da ban ga jan fentinka bisa tankin ba, da ban bari ya taɓa mini albasa ba. Kowa ya san aikinka da tsabta."

Wannan maganar ta fi hukuncin da ya biyo baya yi mini ciwo. Wato tsarin da na yi shekaru ina tsarewa shi ne ya zama shaida a kaina!

Lokacin dashe ya riga ya matso, babu damar sake reno. Sarkin noma ya yanke cewa dattijon ya cika gonarsa daga irin albasar da ni ma nake reno, abin da ya rage nawa ne. Na ce a kamo mai laifin. Aka ce a kamo shi a karɓi me? Ba shi da iri, ba shi da gona. Na tsaya ina kallo ana cire irin da na yi ta ba ruwa safe da yamma, ana ɗaurewa dami dami. Abin da aka bar mini bai cika ko kusurwar gona ba.

Da kakar albasa ta zo, dattijon ya aiko mini da kwando guda, manya manya, wai in sa albarka. Ban iya ci ba, na rabar. A makon nan kuma mai feshin ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ko akwai aiki. Na nuna masa ƙofa.

Har gobe ban yarda an yi mini adalci ba. Amma na koyi abu ɗaya: wanda ya goya tankinka ya goya sunanka, ko ka aike shi ko ba ka aike shi ba. Tun daga ranar, a gabana ake wanke tanki, ni nake kulle shi, makullin kuma yana aljihuna.