Kuwata, Mai Shinshina Gwangwanayen Fim

Kowace safiya, tun kafin ya kurɓi shayi, Kuwata-san, wato Malam Kuwata, yakan hau benen tsohon gidan silima na bakin tashar jiragen ruwa, ya riƙa buɗe gwangwanayen fim yana kai hanci. Wanda ya fara tsami ruɓa ta kama shi, sai ya ware shi gefe kada ya shafa wa sauran. Fina-finan 'yan daba ne da 'yan sanda, na zamanin baƙi da fari, waɗanda kamfanoni suka ce a sassare a zubar. Shi kuwa ya bi su yana tsincewa tun kansa bai yi furfura ba.

Yawancinsu a unguwarmu aka ɗauke su, kafin a rushe ta a kafa dogayen benaye. Yau tsohuwar unguwar ba ta saura ko'ina ba sai a bayan 'yan wasan nan.

Tsuneko mai sayar da taliya shaida ce. Wata rana ana tsaka da harbe-harbe a allo, sai ga mahaifinta ɗan dako ya gifta da buhu a kafaɗa. Ko hotonsa ɗaya ba ta da shi.

"Kuwata-san, tsaya! Babana ne! Maido baya!"

"Ke, kisa kika zo kallo ko zumunci?" in ji shi, alhali ya riga ya tsayar da injin. Ranar har ta gaji da kuka bai gaji da maimaitawa ba.

Yanzu an sayar da gidan. Ɗaki mai sanyi na ajiye fina-finan kawai tsohon ya roƙa a hukumar gari. Suka turo wani mai kwat, ya rusuna kamar mutumin kirki, ya ce, "Kuwata-san, fim ɗin 'yan daba ai zubar da mutuncin gari ne. Amma hotunan tallan fim na bangon nan sun yi kyau, su kam muna so."

Abin da ciwo, kuma da ban haushi.

Kai ne ka adana mana iyayenmu a lokacin da muke ta murnar sababbin gine-gine. Mun gode, Kuwata-san, ko da yake godiyarmu ta zo a makare, kuma ba ta hana fim ruɓewa.

Jama'a, duk mai wuri ya zo ya ɗauki ko gwangwani ɗaya ne ya riƙe yadda tsohon ya riƙe. Ɗakinsa na haya ba zai ci ko rabinsu ba. Jiya an same shi zaune a tsakiyarsu, ya rasa uban wa zai bari.